“Muna Laburare, Baba”

Yaron da ya tashi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a 'yan shekarun nan ba ya wasa da dare. Da an sallame isha'i mai shayi ya fara haɗa kofuna, mai tsire ya karya farashi, uwa ta leƙo zaure tana ƙirga 'ya'yanta. Tun daren 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba wanda ke buƙatar wa'azi a kan yawon dare. To, irin wannan yaron ne ake ɗorawa a jirgi a sauke shi a Alƙahira ko Kwala Lamfur ko arewacin Saifurus, inda sai ƙarfe goma na dare mutane ke fara neman takalmin fita. Wasu iyayensu ne suka sayar da masara da auduga suka biya, wasu gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kamar ɗalibai 41 da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta tura Masar karatun likita da 68 da ta aika Sin. Yawancinsu karatun suke yi, a faɗi gaskiya. Sai dai kowane mako yana da ƙarshe, kuma a daren nan ne ake gane halin kowa.

Na farko a layi shi ne Ustaz ɗan rakiya. Shi bai taɓa zuwa gidan rawa ba, rakiya kawai yake yi. Tun la'asar zai buɗe nasiha a ɗaki, ya ja kunnen wannan ya tsoratar da wancan, amma da ya ji an kira tasi sai ya jawo rigar sanyi yana cewa, “Bari in bi ku, kada Shaiɗan ya same ku ku kaɗai.” A ciki zai nemi lungu ya zauna da robar ruwa, yana riƙe da ita sama-sama yadda kowa zai shaida cewa ruwa ne. Rigunan jama'a da makullansu duk a cinyarsa suke. Fuska a murtuke, leɓe na motsi da istigfari. Amma sunkuya ka leƙa ƙarƙashin tebur, za ka tarar ƙafarsa ta dama ta fi ta kowa sanin inda ganga ta faɗi. Bai taɓa fashin fita ba, kuma har gobe in ka tambaye shi sai ya ce shi ko hanyar wurin bai sani ba. Ba a dai raina shi, don shi ke tattaro kowa ya kai gida, shi ne kuma ke dukan ƙofa da asuba ba sassauci, ko da yanzu ka kwanta.

Kusa da shi mai lissafin buhu yake zama. Wannan ɗan manomi ne, ya san yadda kuɗin makarantarsa suka taru, don da shi aka zuba taki, da shi aka yi girbi. Duk farashin da aka faɗa masa sai ya bi da shi zango uku: daga lira ko fam zuwa dala, daga dala zuwa naira, daga naira zuwa tiyar masara a kasuwar Sheme. Ƙaton da ke gadin ƙofa ya faɗi kuɗin shiga, sai ka ga idon mutumin naka ya kafe a sama, yatsu na motsi. Can sai ya ce, “Tiya goma sha biyu! Don in shiga in tsaya a tsaye?” Lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a Yunin 2023, yakan cije ya sayi lemo ɗaya ya yi ta kurɓa har a tashi, yana jiran ƙanƙarar ciki ta narke ta ƙara masa auki. Da dala ta haura 1,500 a farkon 2024, sai ya gano cewa ai kiɗan nan ana jin sa daga waje kyauta. Yanzu a bakin titi ake samun sa, hannu a aljihu, yana gyaɗa kai. Ana yi masa dariya, ni ma nakan yi, amma ku duba jerin waɗanda suka gama a kan lokaci, sunansa na ciki.

Kishiyarsa shi ne ɗan Alhaji, wanda aka fi samu a Girne, garin gidajen caca na bakin teku a Saifurus. Digirin shekara huɗu ya kawo shi, yanzu yana ta bakwai, kuma kullum “saura darasi ɗaya.” Ba ya shiga wuri sai an keɓe masa tebur, an jero kwalabe ana haska su da tartsatsi. Wani lokacin shi lemo kaɗai yake sha, abin da ya biya kuɗinsa shi ne a waiwayo a dube shi. Kewaye da shi 'yan amshin Shata ne. Ya yi tari su ce “Allah ya ja kwana, oga,” ya yi barkwancin da ko murmushi bai cancanta ba su faɗi ƙasa suna riƙe ciki. Ranar biyar ga wata abokansa sun fi goma. Ranar ashirin da biyar shi kaɗai ne, yana ƙwanƙwasa ƙofar mai lissafin buhu yana tambaya ko tuwon jiya ya yi saura. Daga nan sai waya gida da murya ƙasa-ƙasa: “Alhaji, wallahi sun sake ƙara kuɗin rajista.” A zango ɗaya makarantarsa takan yi rajista sau uku, Alhaji kuwa yana can yana faɗa wa abokansa cewa karatun Turai tsada gare shi.

Akwai Baturen dare ɗaya. Sunan yankansa Abdulmumini, amma da an wuce ƙofa ya koma “Mo.” Hula ta shige aljihu, Turanci na fitowa ta hanci. A tambaye shi daga ina, ya ce Abuja. In an matsa, ya ce kusa da Abuja, alhali ɗan Sabuwa ne, makwabcin Birnin Gwari. Zai iya riƙe wannan shigar har tsakar dare, sai fa in wani ya taka masa ɗan yatsa da takalmi mai tsini. Nan take za ka ji ashar irin ta Katsinawa, tsantsarta, da karin harshen da babu inda ake yin sa sai tsakanin Funtuwa da Ɗandume.

Shi kuma ɗan kishin gida da shaddarsa yake zuwa, an buga ta tana ƙyalli, ga zanna bukar an karya ta gefe. Mai gadi ya dube shi sama da ƙasa ya ɗauka wani basarake ne, ya buɗe masa hanya. Ba ya ɓata lokaci, wurin mai saka kiɗa yake nufa kai tsaye, wani Baturke ko Balarabe mai abu a kunne, ya ce a sa masa Rarara. Mutumin ya ce bai san shi ba. Sai ya tsaya cikin wannan ƙara yana yi masa bayani da hannu da ƙafa cewa mutumin Kahutu ne ta Ɗanja, nan kusa da su, har shugabannin ƙasa sun san shi. Aka sa masa Burna Boy don a rabu lafiya, ya dawo yana tsaki. A aljihun gaban rigarsa akwai ƙullin yaji, don bai yarda da shawarmar da za a tsaya ci a hanyar komawa ba.

Wanda ya fi kowa wahala a daren shi ne mai gudun kyamara. Bai damu da kuɗi ba, bai damu da 'yan sanda ba, abin da ke hana shi sakat shi ne waya. Da ya ga an ɗaga hannu da abu mai haske sai ya nutse bayan kujera kamar kazar da ta ga inuwar shaho. Rawa ma da baya yake yin ta, fuska na kallon bango. Kuma yana da hujja. Ya san cewa hoton da aka ɗora a WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare a Kwala Lamfur, inda suka riga Najeriya da awa bakwai, zai iso Faskari kafin magariba, daidai lokacin da kawunsa ke zaune a majalisa ba abin yi sai duba waya. Daga kawu sai gwaggo, daga gwaggo sai gidan su yarinyar da aka kai wa kuɗin gaisuwa. An ce da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a Satumban 2021, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, shi ne karon farko da aka ga fuskarsa sosai a gidan rawa. Bai dai ji daɗin abin ba, don watannin nan ya yi su ne ba ya jin muryar mahaifiyarsa sai in wani ya fita inda ake samun layi.

Abokin gabarsa bai ma zo wurin ba. Ɗan rahoto yana ɗaki cikin bargo, amma ya san wa ya fita, da wace riga, ƙarfe nawa ya dawo, da ko tafiyarsa a miƙe take. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Gaisuwa kawai yake kira gida ya yi, sai a ƙarshe ya ce, “Wane ma yana nan lafiya, sai dai a riƙa sa shi a addu'a.” Wannan jimlar kaɗai ta isa a tsayar da alawus na wata biyu.

Ɗalibanmu na Sudan nasu daban ne. Tun 1983 da Numairi ya hana giya, fitar daren ɗalibi a Khartum ba ta wuce zama a 'yar kujera gaban mata masu shayi a titin bakin Nilu, a sha shayi da gahawar jabana, a yi musun nahawu da na ƙwallo. Waɗanda suka yi Jami'ar Afirka sukan dawo suna kallon 'yan Saifurus sheƙeƙe, su kuma waɗancan su ce ai ba tsoron Allah ba ne, rashin wurin zuwa ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba gardamar, aka kwaso yaran a motocin bas ta kan iyakar Masar.

'Yan matanmu kuwa fitarsu a ayari ce: babban kanti, askirim, hoto a gaban fitilu, kafin tara sun dawo. Sun san labarin kowane namiji da na ambata a sama, har da abin da Ustaz bai san an gani ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda gida ke auna abin. Namiji ya kwana a kulob a ce ƙuruciya ce, mace a gan ta a hoto tana shan lemo a gidan cin abinci a ce boko ya lalata ta.

Akwai wani da ba a cika lura da shi ba, mai kunnen gida. Duk inda aka shiga, kujerar da ke fuskantar ƙofa yake zaɓa, kuma kafin a kawo ruwa ya riga ya gano ƙofar baya. Aka fasa kwalba ya miƙe. Daren sabuwar shekara da ake harba wasan wuta, kowa na ihu yana ɗaukar hoto, shi yana ƙirga ƙarar yana ƙoƙarin gane daga wace kusurwa take fitowa. Abokansa 'yan Kano da Legas sukan tsokane shi, 'yan yankinsu ba sa sa baki. Kiɗan bai dame shi ba, lemon ma haka. Abin da ke fito da shi shi ne komawar. Yakan ce a bar tasi a taka da ƙafa, ƙarfe biyu na dare, titi fayau, ba mai haska shi da tocila ya ce wane ne nan, ba ƙarar babur daga nesa da za ta sa a kashe fitila. Wani lokacin ya wuce ƙofar gidansu da gangan ya sake zagayowa. Shi kam ban ga abin da zan kama shi da shi ba.

Duk waɗannan ba su kai mai ba da labari ba, wanda za ka samu a teburin mai shayi a Ƙanƙara lokacin hutu, ƙafa ɗaya kan ɗaya. A bakinsa ne za ka ji gidan rawa mai hawa bakwai, da 'yar ministan da ta roƙe shi lambar waya ya hana, da ranar da mai wurin ya fito da kansa ya ce kada a karɓi kuɗinsa. Yara sun saki baki, shayi ya huce. In ka bincika ƙasar wajen da ya yi karatu, Maraɗi ce, wadda in ka wuce Jibiya ka kusa, kuma waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi sun shaida cewa ƙarfe tara yake barci. Waɗanda suka yi yawon na gaske suna gefen benci sun yi tsit, suna addu'ar kada hira ta biyo ta kansu.

Ku kuma iyaye, in kun kira ɗanku da tsakar daren can ƙasar ya daɗe bai ɗauka ba, sannan ya kira da kansa yana haki, iska na kaɗawa a wayar, ya ce, “Muna laburare, Baba,” kada ku ɗaga murya. Ku sa masa albarka, ku tambaye shi ya karatu, sannan ku ce ya kunna kyamara ku gaisa da littattafan.