Ranar Fitar da Tarkace a Kuyello

Ba wa'azi ke sa mutumin Kuyello kakkaɓe ɗaki ba, masara ce. Da kaka ta kama, buhuna suka fara shigowa daga gona, rumbu ya cika, sai maigida ya tsaya bakin ɗakin ajiya ya riƙe ƙugu ya ce yau sai an fitar da tarkacen nan. Tun bayan sulhun da aka yi da ƴan daji a ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen 2024, wasu gonakin da aka daɗe ba a taka ba sun sake ganin garma, don haka rigimar wurin ajiya ta dawo. Rigima ce mai daɗi, kuma a ranarta ake gane halin kowa.

Jagoransu shi ne mai "zai yi rana". Komai ka ɗaga sai ya daka maka tsawa: "Kai, ajiye, zai yi rana!" Fitilar ƙwai da babu ƙwan, rediyon da ya yi shiru tun mulkin Shagari, matattun batura cike da gwangwani, buhunan taki da ɓera ya mayar rariya, da takalmi wari guda. In ka tambayi ina ɗayan, sai ya ce zai fito. Shekara goma ke nan ana jiran fitowarsa. Daga hantsi zuwa la'asar abin da ya yarda a jefar bai wuce fasasshiyar ƙwarya ɗaya ba, ita ma kafin magariba ya lallaɓa juji ya ɗauko ta, wai sakainar ta yi daidai da ruwan kaji.

Ƙaninsa a hali ba ya musu, amma shi ma ba ya zubarwa. Ya kwashe daga ɗaki zuwa zaure, baɗi daga zaure zuwa bayan garka, daga nan sai kan rufi. Duk tsohuwar tayar da ka gani kan kwano za a ce maka don iska aka ɗora. Rabin maganar gaskiya ne.

Sai Hajiya uwar jere. Ita tata sharar ƙara kaya take yi. Za ta sauke samira da fanteka da langa, waɗanda tuwo bai taɓa sanin cikinsu ba, ta wanke, ta goge, ta mayar, sannan ta lura akwai gurbi a gefe, ranar kasuwa ta cike shi. Ta buɗe adaka, warin kafur ya bugi kowa, ta ƙirga atamfofi ta rufe. "Na auren Auta ne." Auta kuwa ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Ni dai na daina yi wa jeren nan dariya tun canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da muka ga abin da ke fitowa daga langar ƙasa. Ashe banki muke kwana da shi a gida, har da manaja.

Wanda ya fi haɗari shi ne yaron da ya dawo hutu daga makaranta a Zariya, da sabon ilimi da ashana a aljihu. "Baba, wannan duk datti ne." Kafin a farga ya tara ya cinna wuta. Da daddare sai ka ga gida kaf da tocila ana tonon toka, ana neman takardar gona da katin zaɓe da ƙullin maganin sanyin ƙashin Kaka.

Akwai kuma mai sadaka da abin da ya mutu. Ya miƙa wa almajiri rigar da wuyanta kaɗai ya rage, ya tsaya jiran addu'ar da ta dace da rago.

Na zamani ba ɗaki yake sharewa ba, mutane yake sharewa. Ya ce ya buɗe sabon shafi, ya goge lambobi, ya sauya layi. Abin mamaki, duk wanda aka goge yana bin sa kuɗin taki ko na maganin feshi. Lokacin da aka rufe layukan waya a yankin nan a 2021, kowa na kuka, shi ƙiba ya yi. Sai dai garin ba shi da faɗin da zai ɓoye mutum, ranar Juma'a sahu ɗaya suke tsayawa da mai bashin.

Masu zama gefe suna kallo ba sa cewa uffan su ne waɗanda suka taɓa barin ƙauyensu da tsakar dare da abin da kai zai iya ɗauka. Su ban sa su cikin wasan nan ba.

Da yamma ɗan gwangwan ke zuwa da sikelinsa, ya auna ƙarfe da dalma da roba, ya biya. Bara na ga mai "zai yi rana" ya tare shi a bakin hanya, na ce lallai tuba ta zo. Ina matsawa na ji ana ciniki. Ya hango murfin tukunya da sarƙar keke cikin kayan da maƙwabcinsa ya sayar, yana ta taya su.