Jinjina ga A-kori-kurar da Aka Hutar da Ita Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya ce Amurkawa ba su san darajar ma'aikaci ba, ya je ya dubi a-kori-kurarsu. Sun girmama motar kaya har sun ɗauke mata wahalar ɗaukar kayan. Wannan karamci ya cancanci yabo, kuma Ford da Ram ne a sahun gaba.

A 2021 Ram ya fito da 1500 TRX: inji V8 mai lita 6.2, da na'urar da ke ɗura masa iska da tsiya, ƙarfin doki 702. Nauyinta ya kusa tan uku, amma daga tsaye tana kai gudun kilomita 96 a awa cikin daƙiƙa 4.5. Ita kuwa Raptor ta Ford, tun 2017 take fama da V6 mai lita 3.5, doki 450 kacal. Ina mutum zai sa kansa a gaban maƙwabta da doki 450? Ram ma bai bar abin a zuci ba, sai da ya zana hoton T-Rex, ƙatuwar dabbar zamanin da, tana tauna ƙaramar da ake kira raptor, ya ɓoye a ɗakin inji don mai mota ya riƙa buɗewa yana samun natsuwa. Ford ya yi zuciya, a 2023 ya kawo Raptor R, V8 mai lita 5.2, doki 700. Saura biyu! Da ya ga kunyar ba ta gama wankuwa ba, a 2024 ya ɗaga zuwa 720. Sai a lokacin hankalin duniya ya kwanta, kuma a farashin da ya haura dala 100,000 ai an yi wa talaka rangwame.

Masu hassada za su tambayi nawa waɗannan dawaki ke ɗauka. TRX ba ta wuce kilo 600, har da direba da fasinjoji a lissafin. Raptor R ta ɗara ta da kaɗan. Hilux mai injin dizal lita 2.4, wadda dokinta bai wuce 150 ba, tana ɗaukar abin da ya kai tan guda. To, sai me? Ai nan martabar take. Ba a ɗora wa dokin hawan sallah mangala.

Wannan hikima tana da tarihi. A 1991 GMC ya ƙera Syclone don kwalta zalla, V6 mai lita 4.3, doki 280, kuma a gwajin mujallar Car and Driver ta tsere wa Ferrari 348 a gajeren zango. Kayan da aka yarda a ɗora mata kilo 227 ne, wato buhun siminti huɗu da rabi. A 2004 Dodge ya ɗauko injin motarsa Viper mai silinda goma, lita 8.3, doki 500, ya cusa a Ram SRT-10, ta shiga kundin Guinness da gudun kusan kilomita 249 a awa. Manomin da zai kai tumatir kasuwa a wannan gudu lalle ba zai yi kukan ruɓewa ba, in dai ya iso da tumatir.

Na kwalta ke nan. Na daji sun fi ban sha'awa. An ƙera su ne da hamadar Baja ta Mekziko a zuciya, inda ake tseren Baja 1000: shokozoba masu dogon zango don tsalle kan tudun rairayi, tayoyi masu inci 37 a Raptor R, faɗin jiki da ya sa doka ta wajabta musu fitilun gargaɗi irin na manyan motoci. Sannan ga tausayin masu su. Binciken kamfanin Strategic Vision da aka yaɗa a 2019 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na masu a-kori-kura a Amurka ba sa sauka daga kwalta fiye da sau ɗaya a shekara, kashi 75 kuma ba sa jan tirela fiye da haka. Motar da aka shirya wa hamada tana samun hutunta a layin ɗaukar yara daga makaranta. Dakarun Chadi, da ba su da irin wannan tarbiyya, sun hau Hilux da Land Cruiser masu ƙaramin inji a 1987 suka fatattaki tankokin Libiya a Sahara. Da sun jira doki 700, da sun yi yaƙin cikin mutunci.

Batun mai kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, TRX tana cin kimanin kilomita 5 da lita guda. Masu gidan mai ma 'ya'yan wasu ne, dole a samu mai riƙe su.

Hatta mai tafiya a ƙasa an tuna da shi. A 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta gano cewa motar da tsayin gabanta ya haura mita ɗaya ta fi wadda tsayin gabanta bai wuce santimita 76 ba yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ƙaramar mota a ƙafa take dukan mutum, ta bar shi da jinya da kashe kuɗi. Waɗannan a ƙirji suke samunsa. Yaro kuma, in ya tsaya dab da gabanta, direba ba ya ma ganinsa, balle ransa ya ɓaci.

Kira ga injiniyoyin Ford da Ram: aiki ya yi kyau, amma da saura. Har yanzu akwai wannan akwati a bayan mota, yana ƙara nauyi, yana sa baƙo ya zaci motar aiki ce. A cire shi, a kai dokin dubu. Kai kuma mai karatu, in kana da kayan kaiwa gona ko kasuwa, ka yi haƙuri da tsohuwar motarka mai ƙaramin inji. Waɗannan an yi su ne don ɗaukar girman kan mai su, kuma shi kaɗai ya cika su.