Yadda Ake Zuwa Yankari a Dawo da Mutunci

Duk wanda ya ƙudura niyyar zuwa kallon namun dawa, kayan farko da zai sauke shi ne finafinan da ya cika kansa da su. A talabijin, cikin minti goma zaki ya kori ɓauna, ya kayar, ya ci, har ya yi hamma. Masu ɗaukar wannan hoton watanni suke shafewa a daji kafin su haɗa maka abin da kake kallo kana ɓarar gyaɗa. Kai kuwa hutun kwana biyu ka ɗauka, kuma ba ka aika wa zakin goron gayyata ba. Dajin Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma har yau ba a samu giwar da ta yi alkawarin fitowa ƙarfe takwas don wani ya biya kuɗin shiga ba.

Sai zaɓen lokaci. In ciyawa kake sha'awar gani, ka je da damina: ta fi ka tsawo, koriya shar, kuma ana kyautata zaton akwai dabbobi a bayanta. In kuwa dabbobin ne a ranka, ka bari rani ya kankama, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, daga giwa har gwamki dole kowa ya gangaro kogin Gaji neman ruwa. Ƙishirwa ce za ta tara maka su. Amma ka sani, zafin Maris da Afrilu a ƙasar Bauchi ba ya duba baƙunta, sanyin asubar Janairu kuma a buɗaɗɗiyar mota sai ya sa haƙoranka sun yi ta karatu ba malami.

Batun sutura, Alhaji, a yi haƙuri. Farar shaddar nan mai sitaci da babbar rigar aikin hannu a bar su a akwati har zuwa ɗaurin aure na gaba. Ƙurar hanyar daji ja ce, kuma ba ta san tsadar yadi ba. Baƙaƙen kaya da masu shuɗi su ma a ajiye, domin su ne launukan da ƙudan tsando ya fi so, shi kuwa cizonsa yana ratsa yadi mara kauri ya isar da saƙo. A nemi riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka, da hular rana, da rufaffen takalmi. Hajiya, takalmi mai tsini da humra su ma su huta. Giwa tana da hanci mai kaifin gaske, ba sai an taimaka mata ba. A sa maganin shafawa na korar sauro a jaka, a kwana a cikin gidan sauro, domin abin da ya fi kwantar da baƙo bayan ya dawo gida ba shi da haure ko farce.

Daga garin Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karkata, ka miƙe sai ƙofar shiga da ke Mainamaji. A nan ne yara za su fara ihun an iso. Ka faɗa musu ganin Dala ba shiga birni ba ne, saura tafiyar kilomita kusan 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Don haka ka cika tanki tun daga Bauchi, ka duba safayar taya, ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu. Wanda ya dogara da taransifa a tsakiyar daji, wataƙila ya kwana yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Da ka isa Wikki za ka sadu da ainihin masu gida, wato gwaggon biri. A takarda, gwamnatin tarayya ta mayar da Yankari gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A aikace, duk wannan sauyin hannu bai taɓa mulkin birai ba. Suna zaune a bakin wurin ajiye motoci kamar 'yan kamasho a tasha, kowace mota ta tsaya sun riga sun ƙiyasta abin da ke cikinta. Babban namijin zai zauna can gefe yana sosa ciki, ya kau da kai, wai shi ba ruwansa. Kai kuma ka buɗe but, ka ajiye ledar burodi a ƙasa don ka ciro kula. Kafin ka ɗago, ledar tana kan rufin ɗaki, sabon mai ita yana warware ƙullin da yatsu a nitse, yana kallon ka ido cikin ido. Sun san leda, sun san kula, sun san murfin kwalba, kuma ƙofar da aka tura ba a sa mata makulli ba a wurinsu buɗaɗɗiya ce.

Dokokin zama da su kaɗan ne. Ka kulle ƙofa da taga ko da alwala za ka fita yi. Kada ka bai wa yaro biskit ya riƙe a fili, domin su ma sun san wa ya fi sauƙin ƙwace. In an riga an ƙwace, ka yafe, ka ɗauka sadaka ce ta fita. Namijin gwaggon biri yana da fiƙa masu tsawon da za su sa ka sake lissafin kuɗin burodi. Uwa uba, kada tausayi ya sa ka miƙa musu abinci da hannunka. Duk rashin kunyar da suke yi yau, baƙin jiya masu kyauta ne suka koya musu, kuma wanda zai zo bayanka shi zai biya. Gadu ma yana yawo a harabar, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, in ya firgita ya zura da gudu wutsiya a tsaye. Shi ba ya sata, amma haurensa ba na ado ba ne, a gaisa daga nesa.

Fita kallo da sassafe ake yi ko da yamma, lokacin da dabbobi ke motsi. Da tsakar rana kowa yana inuwa sai baƙon da ya makara. Za a haɗa ku da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, kuma shi ne shugaba ko da kai darakta ne a Abuja. Can za ka ji ya ce wa direba ya tsaya, ya nuna ƙasa: "Yallaɓai, ga kashin giwa nan, ɗanye ne, ba su yi nisa ba." Kada ka yamutsa fuska. Babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa kilo 150 a rana, saboda haka shaidar da take bari ba ta ɓuya, kuma wata rana ita ce iyakar rabonka. Ka ɗauke ta hoto da ladabi. Giwayen Yankari suna cikin mafi yawa da suka rage a Najeriya, amma dajin da faɗi, su kuma ba albashi suke karɓa ba.

In Allah ya yi ka da rabo suka bayyana, to a nan ake gane mai hankali. A yi shiru. A kashe ƙarar waya, kada ana tsaka da kallon garke waƙar biki ta tashi daga aljihun wani. Kada a sauka daga mota don hoton ya fi kyau. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, don haka uwar da ke tare da ɗanta ba ta da sha'awar wasa. In ta baza kunnuwa ta girgiza kai tana fuskantar ku, ba gaisuwa take yi ba. Haka dorina: ganin ta a ruwa kamar ba za ta iya komai ba, amma a tudu ta fi ka gudu. Ɓauna ma ba saniyar Fulani ba ce. Wanda kuma bai ga manyan ba, ya ɗaga kai sama, tsuntsayen Yankari sun fi iri 350, kuma ba su da girman kai.

Kada ka takura wa ɗan rakiya da tambayar raƙumin dawa. Wannan sai ka nufi Kure a Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai. Zaki kuwa akwai shi, amma 'yan kaɗan ne suka rage, ga shi yana iya kwashe awa 20 a kwance cikin yini guda.

Bayan ƙura da jijjiga, sai ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da yawa daga masu cewa sun je kallon dabbobi, a gaskiya wanka suka je. Ka tafi da kayan shiga ruwa na mutunci, ka kuma bar mutum ɗaya a bakin gaɓa yana gadin jaka, domin masu gidan sun san lokacin da hannuwanka biyu suke cikin ruwa. In da sauran ƙarfi, a leƙa kogunan Marshall da mutanen dauri suka haƙa a jikin dutse, da ɗan gidan tarihin da ke masaukin, inda dabbobin ba sa gudu.

Saura tsaraba. Naman daji, fata, ko wani abu da aka ce haure ne, kada ka ko taya. Farautar sata ce ta rage dabbobin da ka sha wahalar nema, cinikin haure tsakanin ƙasashe kuma an haramta shi tun 1989. Ka sayi kilishi a gari, kowa zai sa maka albarka. In ka isa gida aka tambaye ka ko ka ga zaki, ka ce ka ga sawunsa, in har ka gani. Kada ka ƙara gishiri, domin yaran da ka tafi da su za su ba da labarin burodin tun kafin ka gama cire takalmi.