Masu Oba-Oba Iri-Iri a Ƙauyukan Arewacin Kano

A da, duk wanda aka hanga da oba-oba a hanyar Kano zuwa Daura, in ba ɗan sanda ba ne to soja ne. Yanzu kuwa abin ya shigo ƙauye ya zauna daram. Tun da kamfanin Baofeng na ƙasar Sin ya fito da samfurin UV-5R a 2012, tare da ɗan uwansa BF-888S mai tashoshi 16, na'urar ta yi arhar da ƙungiyar 'yan sintiri ta ƙaramin gari za ta iya yin karo-karo ta aika Sabon Gari a sayo mata shida ko takwas. 'Yan banga na da ita, 'yan agajin ƙungiyoyin addini na da ita, haka mafarauta da masu gadin lambu a bakin dam ɗin Tomas da na Watari.

Dalilin son ta a fili yake. Ba ta cin kati, ba ruwanta da sabis, kuma danni ɗaya ya isa mutum goma su ji lokaci guda. Da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina a watan Satumbar 2021, maƙwabta sun ga yadda wayar dubban nairori ke komawa tocila cikin dare ɗaya. Ƙasar ita ma ta dace da ita. Daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, fili ne shimfiɗaɗɗe, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Wannan cunkoso ne ya ja hankalin masanin ƙasa Michael Mortimore tun shekarun 1960. Na'urar da ke kai kilomita biyu ko uku a nan takan haɗa garuruwa uku ko huɗu.

Na'urar dai iri ɗaya ce a hannun kowa. Masu riƙe da ita ne suka bambanta.

Ɗan ado

Shi ya fi kowa guga. Ranar Sallah, ko ɗaurin aure, ko wa'azin ƙasa, zai ɗame ɗamara ya saƙala oba-oba daidai inda kowa zai gani, eriya na taɓa haƙarƙari. Idan ya zo wucewa ta gaban 'yan mata masu tallar gyaɗa sai ya zaro ta, ya kara a kunne, ya ɗaure fuska, ya gyaɗa kai sau biyu ya ce, "An fahimta." Ba wanda ya yi masa magana, domin batirin ya mutu tun ranar Laraba.

In kuma da caji, aikinta biyu ne: haska hanya da 'yar fitilar da ke samanta, da kamo Freedom Radio a kan mita 99.5 don jin "In Da Ranka". Samfurin UV-5R yana da rediyon FM a cikinsa, kuma a hannun ɗan ado wannan ne kaɗai ɓangaren da ke tsufa.

Sarkin gaisuwa

Oba-oba ba ta yarda biyu su yi magana tare. Muddin mutum ɗaya ya danne maɓallin gefe, sauran duk da ke kan tashar sai saurare. Sarkin gaisuwa bai taɓa karɓar wannan hukunci ba. Da ya danna sai ya fara: "Salamu alaikum. Kwamanda, barka da dare. Ya gajiya? Ya iyali? Ya Baba da jiki? An samu ruwa wajenku kuwa? Mu nan yayyafi aka yi." Yana tambaya yana jiran amsa, yatsa na nan bai ɗaga ba. Daga nan sai ya juya ga na kusa da shi ya ce Kwamanda ya fara girman kai, ana gaishe shi yana shiru.

A can ɗaya gefen kuwa wani na ta ƙoƙarin sanar da cewa an ga baƙuwar fitila kusa da garken shanun huɗa. Saboda irin su sarkin gaisuwa ne masu ƙera na'urar suka sa mata agogon da ke yanke magana idan ta wuce iyaka, ana iya saita shi daga daƙiƙa 15 zuwa 600. Inda aka saita masa 60, yakan ce tasa ce mai matsala, kullum tana katsewa daidai wajen "ya yara".

Yana da ƙani mai gaggawa, wanda ke fara magana kafin ya danna, ya saki kafin ya gama. Saƙonsa ba kai ba ƙafa: "...uku sun nufi bayan..." Ko awaki ne uku, ko ɓarayi, ko bayan makaranta, ko bayan maƙabarta, sai Allah.

Mai bin kwali

Wannan ya yi imani da duk abin da aka buga a jikin kwali. An rubuta kilomita goma, don haka yana tsaye a tsakiyar dawa ta fi shi tsawo, a bayan katangar ƙasa, ƙarƙashin tsamiya, yana kiran abokinsa da ke kasuwar Badume. Da ya ji shiru sai ya yanke hukunci: ƙarfi ne ya yi kaɗan. Mako mai zuwa zai sayar da tiya biyar ta wake ya ƙara kuɗi ya sayo wadda aka rubuta wa wat 8, daga baya mai wat 10, kuma shirun bai canza ba.

Abin da bai sani ba shi ne, igiyar da waɗannan na'urori ke amfani da ita, tsakanin megahaz 136 zuwa 174 ko daga 400 zuwa sama, a miƙe take tafiya, kusan iyakar inda ido zai iya hangowa. Eriyar da ke daidai kan mutum a tsaye ba ta hango fiye da kilomita biyar ko a fili fetal, kuma gini da ganye mai jiƙe suna rage wannan sosai. Shi ya sa abin da ya yi aiki a watan Maris, lokacin da gonaki suke ƙuru-ƙuru, yakan gaza a Agusta. Amma a ɗaga eriyar mita 25 sama, nisan zai kai wajen kilomita 20 ba tare da an ƙara wat ko ɗaya ba. Masu sha'awar rediyo a duniya sukan ji muryar 'yan sama jannati daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a kan megahaz 145.800 da irin wannan 'yar na'ura, daga nisan kilomita 400, saboda babu kuka ko rumbu a tsakani.

Ranar da almajirin gidansa ya hau rimi da tsohuwar mai rahusa ya yi magana da Badume raɗau, mai bin kwali cewa ya yi yaron sa'a ya taka.

Mai taɓe-taɓe

A ba shi aron na'ura na minti biyar, a karɓo baƙuwa. UV-5R tana da saituttuka kusan arba'in, kuma sai ya ziyarci kowanne. Ya danne jan maɓallin gefe, jiniya ta tashi a tsakiyar zaman makoki. Ya taɓa saiti na ƙarshe, wanda ke goge komai, sai matar da ke cikin na'urar ta daina Turanci ta koma yaren Sin. A tambaye shi me ya yi, amsarsa ɗaya ce: "Wallahi dubawa kawai na yi."

Ɓarnarsa mafi wuyar ganewa ita ce ta ɓoyayyen amo. Ana iya sa wa kowace tasha wani siririn amo, daga haz 67 zuwa sama, wanda in na mai magana bai dace da na mai saurare ba, lasifika ba za ta buɗe ba. Fitila za ta yi kore alamar ana magana, amma ba a jin komai. Ko kuma shi yana jin kowa, ba mai jin sa. Ƙungiya guda takan yi mako tana zargin juna da raini a kan lamba ɗaya da yatsan mai taɓe-taɓe ya gusar.

Injiniya

Da rediyon kaset ya fara, ya koma gyaran waya, yanzu rumfarsa ta cajin sola a bakin tasha ta zama asibitin oba-oba. Kowace cuta sunanta ɗaya a wurinsa: "Ayisi ne ya ƙone, yallaɓai." Yakan ɗanɗana batir da harshe, ya hura ramin eriya, ya buga na'urar a tafin hannu sau uku. Shi ne ya jona cajar da ke son bolt 10 kai tsaye a batirin sola, ta yi hayaƙi, ya ce dama jabu ce. Shi ne kuma ya cire eriya ya danna don gwaji, abin da kan ƙona ɓangaren aika murya, ta yadda ayisin da ya yi wa ƙazafi ya ƙone da gaske.

Amma a yi masa adalci. Tsawon eriya yana da lissafi: wajen santimita 50 ga megahaz 145, wajen 17 ga megahaz 450. Injiniya bai san lissafin ba, sai dai ya lura cewa dogayen eriyoyin da ake sayarwa da sunan Nagoya da yawansu na bogi ne, har gajeriyar da ta zo cikin kwali ta fi su. Kuma bayan ya ƙona uku ya koyi bin matakai: a fara da batir, sai mazaunin eriya ko ya kwance, sai tasha, sai amo. Yawancin marasa lafiyar da ake kawo masa a nan suke warkewa, ko da yake kuɗin ayisi yake karɓa.

Kwamandan sirri

Ba ya kiran kowa da sunansa. Shi Zaki ne, mataimakinsa Damisa Biyu, mai unguwa kuwa Babban Bango. Idan zai ce a haɗu a gindin ɗorawa sai ya ce "wuri mai lamba bakwai", sannan ya ƙara da, "wato gindin ɗorawar nan ta bayan firamare." Ya tabbata tasharsa ta huɗu tasu ce su kaɗai.

Alhali BF-888S daga masana'anta take zuwa da tashoshinta a saite, kuma in ba a sake su da kwamfuta ba, duk wanda ya sayi irinta ya murɗa zuwa huɗu ya shigo zauren. Masu gadin gidan mai na ji, 'yan agajin garin gaba na ji, wanda ake sintirin dominsa ma in ya mallaki tasa yana ji. Ɓoyayyen amon nan ba ya ɓoye magana, mai shi kaɗai yake toshe wa kunne daga jin wasu. Ranar da Kwamanda ya hau babur ya danne maɓalli da cinya bai sani ba, garuruwa uku sun ji ra'ayinsa game da surukarsa da kuma nawa ya rage a asusun ƙungiya.

Uwargida

Ita ba ta saya ba, ba ta kuma nemi izini ba. Maigida ya bar ɗaya a kan caji ya tafi gona da ɗaya, ta lura ba a sa mata kati. Ana tsakiyar huɗa sai a ji: "Malam, gishiri ya ƙare, kuma akuyar Inna ta shiga waken mutane." Duk mai na'ura a yankin ya ji, har wani ya amsa da cewa zai biyo da gishirin.

Abin mamaki, ta fi mazan iya aiki da ita. Takan danna, ta ɗan jira, ta faɗi abin da ya kawo ta cikin jimla biyu, ta saki. Ba a taɓa jin agogo ya yanke ta ba.

Mai jin aljanu

Mai gadin dare ne, kuma a cikin hunturu abin ke samun sa. Wajen asuba, sanyi ya sauka, sai na'urarsa ta kamo muryoyin da bai sani ba suna ambaton wuraren da ba na nan kusa ba. Kafin hantsi labari ya kai majalisar mai shayi, har an fara maganar tofi. Dalilin kuwa na iska ne: idan sanyi ya kwanta a ƙasa, iska mai ɗumi ta hau kansa, igiyar rediyo kan lanƙwaso ta yi tafiyar da ta ninka ta kullum sau da yawa. Rana na ɗagawa aljanun ke tafiya. An yi masa wannan bayani, ya saurara da ladabi, ya ci gaba da ɗaura laya a jikin eriya.

Mai mafarkin rifita

Wannan ya fi sauran karatu, kuma gaskiya ce a bakinsa: maganin nisa shi ne rifita, na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsawo tana karɓar murya a wani zango tana sake watsa ta nan take a wani. A zangon megahaz 145 na masu sha'awar rediyo, tazarar da aka saba bari tsakanin biyun kilohaz 600 ce. Ya zana taswira a bayan kalanda, ya auna tankin ruwan gari da ido, ya shiga gaban dagaci ya durƙusa: "Allah ya taimake ka, in aka yi wannan, daga nan har Kazaure sai dai mu yi ta hira."

Aka yi karo-karo. Ya haɗa ƙananan na'urori biyu da waya, ya ɗaure su gefe da gefe a kan tanki cikin bokitin fenti. Mai watsawa ta kurmantar da mai karɓa, domin rifita ta gaske tana buƙatar matatar da ke raba zangon biyu, wadda ta fi na'urorin tsada nesa ba kusa ba. Bai binne ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa ba, don haka hadarin farko na damina ya rufe babin. Bai kuma san cewa tun dokar 1961 kafa na'urar aika saƙo ta iska a Najeriya sai da lasisi ba, ko cewa masu wannan sha'awa da izini suna da lambar kira mai farawa da 5N, na Nijar kuma 5U. Har yanzu yana nan da kalandarsa, yana jiran kaka a sayar da gyaɗa.

Duk waɗannan mutane a kan tasha ɗaya suke haɗuwa, kuma daren da aka kora shanun wani, da su za a dogara. Don haka shugabannin ƙungiyoyi, kafin ku miƙa wa sabon ɗan sintiri na'ura, ku ware masa yammaci guda ku koya masa dannawa da saki. Ku rubuta tasha da amo a takarda ku ajiye wurin mutum ɗaya, ku canza saitin da ta zo da shi daga kanti, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku, sannan ku nemi izinin zango daga hukumomin sadarwa kafin ku ɗora komai a kan tankin ruwa.