Mu 'Yan Mahuta da Kujamarmu

Mu mutanen Mahuta, in muka je gida hutun Kirsimeti ko na Sallah aka tambaye mu inda muke zaune, sai mu gyara wuyan riga mu ce "cikin Kaduna", har mu ƙara da kwatancen cewa daga ƙofar gidanmu ana hango matatar mai, kai ka ce da kuɗin kakanmu aka gina ta a 1980. Ba mai cewa Chikun. Amma bari mai rasit ya tsaya a ƙofar shago yana neman kuɗin haraji, nan take za mu rikiɗe mu koma ƙauyawa tuburan: "Haba Malam, nan ai ƙauye ne, dubi hanyarmu, me aka taɓa yi mana?" Birni ne in za a sa wa ɗan haya kuɗin ɗaki, ƙauye ne in za a karɓa a hannunmu, kuma duka biyun da zuciya ɗaya muke faɗa, ba ko ƙifta ido.

Gaskiyar ita ce a takarda mu 'yan ƙaramar hukumar Chikun ne, kuma hedikwatarmu Kujama ce, can kan hanyar Kachia in an wuce Maraban Rido. Ba nisa gare ta ba. Sai dai akwai waɗanda a cikinmu sun aurar da 'ya'ya a Mahuta, sun san kowane lungu na Kasuwar Barci, sun san Abuja, wani ma ya san Legas, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka harabar sakatariya ba. In ana son a kashe bakin majalisa da yamma, a ce wani ya lissafo gundumomin Chikun 12. Sabon Tasha da Narayi da Rido da Kujama za su fito a guje, Nasarawa da Kakau su biyo baya da ɗingishi, daga nan sai a shiga tari da gyaran murya, sai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya tuno Gwagwada, a tafa masa. Kunai kuwa sai an yi gardama ko ma akwai ta. Ƙasa ce mai faɗin gaske, ta haura murabba'in kilomita 4,000, a ƙidayar 2006 an samu mutum 372,272 a cikinta, kuma mafi yawan wannan faɗi gonaki ne da daji da ƙauyukan Gbagyi da rugagen Fulani, mu na bakin birni ɗan gefen zani ne kawai muka riƙe. Ranar 7 ga Maris 2024 da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, da yawanmu a rediyo muka fara jin cewa ciyaman ɗaya muke da su, mutanen da in za su zo Kujama daga hanyar Birnin Gwari sai sun keta cikin Kaduna tukuna. Ranar dai ba a yi raha a majalisa ba.

To sai kansila, bawan Allah. Kafin zaɓe sunansa muke kira gatsau, wasu ma da laƙabin da aka sa masa a filin ƙwallo. Ana rantsar da shi ya zama Honarabul, tsofaffin da suka goye shi su ma "ranka ya daɗe". Aikinsa a doka shi ne ya zauna da sauran kansiloli su yi dokokin ƙaramar hukuma, su duba kasafin kuɗi, su sa wa ciyaman ido. Wa ya aike shi? Mu abin da muka zaɓe shi ya yi daban ne: matar wane ta haihu, ragon suna, ɗan wance yana asibiti, kuɗin ƙarin ruwa, matasa za su buga gasa, kofi da riguna, mata zumunta za su yi taro, kujeru da rumfa, an kama yaro da babur ba takarda, Honarabul ya sa baki. Tun da asuba muke zaune a dakalin ƙofarsa, ga Mama da takardar magani, ga Baba da ta makaranta, ga wani da bai zo da komai ba sai gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an sa hannu a aljihu. In ya bayar mu ce ai kuɗinmu ne, in ya hana mu ce ya yi girman kai, in ya sayi mota mu ce ya fara ci, in ya ci gaba da hawa keke mu ce wannan wane irin Honarabul ne mara zuciya. Ranar da ya tattara ya koma Barnawa da zama kuwa, mu da muka kore shi mu ne kan gaba wajen cewa ya gudu ya bar talakawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da za mu buɗe kundin tsarin mulkin 1999 mu duba jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, da mun sha dariya, mu kuma ji kunya kaɗan. Kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da kwashe shara duk nata ne, har da lasin keke da amalanke da baro, har da kuɗin rediyo da talabijin. Wa ya taɓa yanka wa baronsa lasi a Mahuta? Raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba ma aikinta ne, amma mu ba mu jira kowa ba. Wanda ya fara kafa tubali a layi shi ke da layi, ya sa mai fenti ya rubuta sunansa a faranti ya kafa a kwana, in maƙwabcinsa ya fi shi kuɗi a wayi gari a ga wani farantin a ɗaya bakin. Layi ɗaya suna biyu, kuma duk ba wanda mai keke ya sani, shi dai ka ce masa bayan taransifoma, kusa da mai injin markaɗe, gida mai baƙin get. Shara kuwa muna da babbar motar kwashe ta da ba ta shan mai, wato ruwan sama. Hadari na haɗuwa za ka ga yara na fitowa da bokitai, a juye a kwata, ruwa ya kai wa na gangare, na gangare ya wayi gari yana tsine wa lokal.

Akwai rana ɗaya tak da muke tuna ƙaramar hukuma da ladabi, ranar da yaro zai shiga soja ko jami'a aka ce ya kawo takardar shaidar asali. A nan ne za ka gane ashe Mahuta masauki ce. Wanda ya shekara ashirin yana shan ruwan rijiyar nan sai ya tashi tun duku-duku ya nufi Zangon Kataf, wani Kagarko, wani Soba, wani ma ya tsallaka Filato ko Binuwai ko Katsina, ya je ya durƙusa gaban dagacin da bai taɓa kai wa ko goro ba yana "Baba, ai ni jikan wane ne". Kuɗin ƙungiyar ci gaban garinsu bai taɓa wuce shi ba, ɗakin taron da ake ginawa can da bulonsa a ciki, amma kwalbatin ƙofar gidansa na nan yana jiran Kujama. Su kuma Gbagyi masu ƙasa, da suka sayar mana da gonakin doyarsu fuloti-fuloti, suna kallonmu suna murmushi, don sun san ranar da rikicin iyaka ya tashi, duk takardunmu na hukumar filaye ta KADGIS, wurin mai unguwa za mu dawo a nemo tsohon da ya san inda bishiyar ɗorawa take a da.

Zaɓen shugaban ƙasa mukan kwana a layi, mu raka ƙuri'a har inda za a tattara. Na ciyaman kuwa ranar wanki ce da gyaran kwano. A 2018 da Kaduna ta riga kowace jiha zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, wasunmu sun fita ne don su ga na'urar da idonsu, su danna su ba da labari. A na 19 ga Oktoba 2024 jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255, muka ce "ai dama mun sani", mu da yatsanmu ko ɗigon tawada babu. Amma fa kada ka raina mu wajen sharhi. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a daina bi ta hannun gwamnoni, kowane teburin mai shayi ya zama kotu. Mai faci ya yi bayanin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, tela ya kawo gyaran ƙananan hukumomi na 1976, direban tifa ya raba kuɗin tun ba su iso ba: kwalta daga bakin titin Yakowa har ƙofarsa, saura a ba Gwagwada in ya ragu.

Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne mu ma muna da tamu ƙaramar hukumar a kowane layi, ƙungiyar masu gida, kuma wallahi tana aiki. Ita ke tara kuɗin 'yan sintiri, ita ke sayen man taransifoma da waya in ta ƙone, ita ke hayar gireda bayan damina a zuba jar ƙasa, ita ke sa get a bakin layi a ce ƙarfe goma an rufe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan mun iya. To amma zo ka zauna a taronmu na Asabar ɗin ƙarshen wata. Muna da ciyaman, wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara waccan amma ya ce sai an gama maganar kwalbati zai sauka. Muna da ma'aji, mutumin kirki, dattijon coci ko na sahun gaba a masallaci, wanda duk ranar da aka ce a karanta lissafi sai a tarar ya manto littafin a ɗaya rigar. Kwangilar yashi ƙanin matar sakatare ne ya samu, ba don komai ba, don shi ne mai tifa. 'Yan haya su ne talakawanmu: kuɗi dole, magana babu, in ɗaya ya ɗaga hannu a ce "ɗan'uwa, bari masu gida su gama". Gireda kuma ko ta ina ta fara, a ƙofar ciyaman take gamawa da kyau. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Kujama.

A irin taron ne kullum wani zai miƙe ya ce abin nan fa ya isa, mu ba bayi ba ne, a tashi wakilai su je sakatariya su ga ciyaman ido da ido. Sai tafi. A zaɓi mutum biyar, a sa Baba mai ritaya a gaba saboda ya iya Turancin ofis, a sa Mama shugabar mata don kada a ce an bar su, a ce malamin makaranta ya rubuta takarda. Daga nan sai a zo kan kuɗin mota da na ruwan sha, ma'aji ya ce asusu ba ko sisi sai an yi sabon karo-karo, wani ya ce shi bai ƙara ba da ko kwabo sai an karanta lissafin bara, wani ya ce a kafa kwamitin da zai binciki lissafin, a tambayi wa zai shugabance shi, kowa ya juya ya kalli ciyaman. Kafin a ankara an kawo wuta, masu son cajin waya da guga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka ɗage zama sai wata mai zuwa.