Kafewar Mota a Rairayin Sarkin Yamma: Kayan Aiki da Ladubba

Kafewar mota a rairayi iri biyu ce: wadda ba wanda ya gani, da wadda ta faru a gaban jama'a. A karkarar Sarkin Yamma ta biyun ce kawai ake samu, domin kafin injin ya mutu, daji da babu kowa ya cika da 'yan kallo.

Sarkin Yamma ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, yamma da birnin Maraɗi. Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukanta amalanken shanu da babura ne suka fitar da su a kan jigawa. Da rani rairayi ne ke riƙe mota. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, lokacin da Gulbin Maraɗi ke kawo ruwa, taɓon fadama ne ke karɓar aikin.

Kayan da ake shiga da su sanannu ne: shebur, jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi don kada ya nutse, safaya mai iska, famfo, igiya mai ƙarfi, fambel, da jarkar ruwa don lagireto da maƙogwaro. Kafin a hau rairayi ana rage iskar taya don ta baje, a sa giyar ƙarfi, a tafi ba tare da yawan murɗa sitiyari ba. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba, wanda sai an sauka an murɗa shi da hannu kafin ƙafa huɗun su ja. Idan mota ta tsaya, a ɗage ƙafa daga totur nan take. Duk ƙarin wuta kabari ne taya ke haƙa wa kanta.

Ladubban hanya kuwa uku ne. Ba a ratsa gonar gero don kauce wa rami. Ba a wuce motar da ta kafe sai an tsaya. Ba a tsananta wa mai amalanke da oda, ba a kuma bule shi da ƙura, domin shanu ba su iya kaucewa da sauri.

Doka ta ukun ce direban birni ya fi karyawa, kuma sakamakonta yana da tsari da ba ya canzawa. Direba ya iske wani tsoho da amalanke, ya danna oda har sau biyar, ya wuce ya bar shi yana tari. Ba a yi nisa ba mota ta zauna a kan cikinta. Ya taka totur, ta ƙara zama. Ya fito da farar shadda, ya tuna shebur yana gida bayan ƙofa, ya durƙusa yana tonon ƙasa da farantin da matarsa ta zubo masa tuwo.

A nan masu shawara ke bayyana. Na farko yakan ce, "Ai da ka bi ta can." Na biyu ya ce, "Jiya ma wata ta kafe a nan, amma ita ta fi taka kyau." Mafi daraja a cikinsu shi ne dattijon da ke zaune a gindin gawo, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba kuma bai da niyyar tashi. Yakan duba motar a tsanake ya ce, "Alhaji, kashe rediyon nan, nauyi yake ƙara mata." Direba, da yake dabara ta ƙare, sai ya kashe. Dattijo ya gyaɗa kai: "To, ka ga har ta ɗan huce."

Mafi munin lokaci shi ne sa'ad da aka fara jin ƙarar amalanke daga baya. Ba ya sauri. Direba na durƙushe, faranti a hannu, rairayi a gemu, yana jin ƙiiƙ, ƙiiƙ, yana addu'ar Allah ya sa wani amalanken ne. Ƙaho ya fara bayyana, sannan tozo, sannan tsohon nan, har yanzu ƙurar ɗazu na kan rawaninsa. Ya tsayar da shanu daidai kan direba. Ya dubi motar, ya dubi farantin, ya dubi shaddar. Jama'a suka yi tsit. Sai ya ce:

"Sannu da hutawa, ɗana."

Babu amsar da ta dace da wannan gaisuwa. Direba yakan ce, "Yauwa, Baba," kuma waɗanda abin ya faru da su sun tabbatar da cewa kalmomin nan biyu kan dawo musu cikin dare: ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙaho, tozo, rawani, sannu da hutawa.

Daga nan aikin ba wuya. Ana tone gaban tayoyi, a shimfiɗa rassan sabara, a ɗaura igiya a ƙarfen jan mota, ba a jikin bamba ba, kowa ya ja da baya saboda igiya kan tsinke. Shanu su ja, matasa su tura, mota ta fito. Sai wani yaro ya tsuguna gaban tayar gaba ya tambaya, "Kawu, wannan makullin ba a murɗa shi ne?" Ba a murɗa ba.

Bisa al'ada ana ba masu turi na goro, mai shanu kuma a ba shi haƙuri tukuna, sannan kuɗi. Dattijon gindin gawo shi ma yakan miƙo hannu, domin a lissafinsa kashe rediyon ne ya fitar da motar.