Ranar Da Ɗan Takara Ya Zo Ta'aziyya Layinmu

Ɗan takarar shugaban ƙasa ba ya shiga lungu don ya ga kwanan mutanen lungun. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, dokar zaɓe ta 2022 kuwa kwana 150 ta ba shi na yawon kamfe, don haka fili yake nema, irin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda zai ɗaga hannu sau ɗaya dubban mutane su gani. Abu biyu ne ke karkato da ayarinsa cikin unguwa: ɗaurin aure ko rasuwa. A kakar zaɓe kuwa babu mamacin da ya kai dattijon jam'iyya yawan masoya.

Mu rasuwa ce ta jawo mana. A farkon Fabrairun 2023 wani dattijo a layinmu, can bayan garin Kano, ya riga mu gidan gaskiya. Tsohon ɗan gwagwarmaya ne tun zamanin PRP ta Malam Aminu Kano, amma ya daɗe da komawa kan buzu da carbi. Ana gama sadakar uku sai labari ya iso cewa ɗaya daga cikin 'yan takara 18 zai zo gaisuwa. Ba zan kama suna ba, don ko wanne ne ya zo cikinsu haka za a yi.

Layin namu na 'yan fansho ne. Bayan isha'i ba ka jin komai sai rediyon maigadi, kuma babban rikicin da aka yi a shekarar da ta gabata shi ne na akuyar da ta cinye zogalen liman.

Sai a tuna halin da ake ciki a lokacin. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, sannan ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsohon kuɗi na neman mutuwa, sabon ya ƙi fitowa. Magidanta na kwana a layin ATM, masu POS na sayar wa mutum kuɗinsa, fetur ma sai da dogon layi. A irin wannan yanayi ne aka ce babban mutum na tafe, a jihar da ke da masu rajistar zaɓe kusan miliyan 5.9, wadda Legas kaɗai ta fi ta. Kowa ya yi lissafinsa a zuci, lissafin kuma iri ɗaya ya fito.

Aka yi taro a zauren mai unguwa, aka yanke shawarar rubuta koke: taransifomar da ta ƙone, kwatar da ke cika da damina, da rijiyar burtsatse. Liman ya ce bai dace a miƙa buƙata a zaman makoki ba. Mai unguwa ya ce, "Allah gafarta Malam, marigayin da yana raye ai shi zai fara miƙa takardar." Maganar ta mutu a nan. Aka zaɓi tsohon hedimasta ya karanta, ni kuma aka ɗora mini riƙon fayil, saboda a shagon ƙanena aka buga ta bashi.

Ranar, tun da hantsi 'yan share fage suka sauka. Tifa ta juye marmara a ramukan titi, daga bakin kwalta zuwa daidai ƙofar gidan rasuwa, ko taku ɗaya ba a ƙara ba. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka girke wani ƙaton janareta wanda ya sa yaran layin ganin ƙwan fitila a kunne da rana tsaka. Kafin in fito daga wanka an lulluɓe katangata da fosta, har kan lambar gidan.

An ce da azahar zai iso. Azahar ta wuce, la'asar ta bi ta. Abin da ya iso shi ne jama'a: bas-bas, A Daidaita Sahu, mata cikin ankon atamfa, maroƙa, 'yan jagaliya, da wani mai kalangu da sai da liman ya aika aka tuna masa cewa makoki ake. Ban taɓa ganin masu jimami da yawa haka ba. Wani ya dafa kafaɗata yana girgiza kai, ya ce an yi babban rashi, sannan ya rage murya ya tambaye ni, "Wai namiji ne ya rasu ko mace?"

Dab da magariba jiniya ta tashi. Ƙurar hunturu ta haɗu da ta sabuwar marmara, jami'an tsaro suka dira daga motoci suka datse layin gida biyu. Ni da hedimasta muka faɗa ɓangaren waje. Mutumin da ya koyar da rabin unguwar karatu, wanda har yanzu masu furfura ke rusuna masa, ya tsaya cikin babbar rigarsa ta sallah yana yi wa wani yaro mai baƙin tabarau bayani.

"Yallaɓai, a nan muke zaune. Ga gidana can."

"Baba, kowa ma haka yake cewa."

Wani ɗan jagaliya ne ya cece mu, tsohon ɗalibinsa da ya kora daga aji biyar. Ya kifa mana hulunan jam'iyya a ka, ya yi ihu a ba dattawa hanya, hanya kuwa ta buɗe. Muka tuɓe takalma a ƙofar zaure muka kutsa.

Ɗan takara ya zauna, aka yi salati goma ga Annabi, aka yi fatiha aka shafa. Mai unguwa ya ƙifta wa hedimasta ido. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya karɓi fayil daga hannuna. To, jawabin Bahaushe ba ya fara magana sai ya gaishe da kowa bisa muƙaminsa, hedimasta kuwa ba mai tsallake layi ba ne. Ya gaishe da mai girma ɗan takara, da mai girma shugaban jam'iyya na jiha, da na ƙaramar hukuma, da iyayen ƙasa, da malamai magada annabawa. Yana kan shugabar mata ta mazaɓa ladan ya kwaɗa kiran sallah. Baƙo ya miƙe, zauren ya miƙe da shi. Wani saurayi mai waya uku ya zare fayil ɗin cikin ladabi, ya ce, "Baba, kawo, Oga zai karanta a jirgi."

Kalmar taransifoma na shafi na biyu.

Da muka fito, takalma sun bi ayari. Na taka sabuwar marmara da faso a dunduniya har gida, ina tafe kamar mai rawar Koroso. Kafin isha'i an naɗe rumfuna, an ja janareta, duhunmu ya dawo. Abin da aka watsa wa maroƙa tsofaffin takardu ne da wa'adinsu ya kusa, aka yi ta kokawa a kansu duk da haka. Mai shayin bakin layi, wanda ya wuni yana soya wa samarin kamfe indomi da ƙwai, an nuna masa shaidar taransfa a waya, ya kwana yana jiran alat.

Washegari surukina, wanda ke wata jam'iyyar daban, ya kira ni tun kafin in karya. Hotona ne ke yawo a Facebook, da hula a karkace, ina gefen hedimasta, an rubuta a ƙasa cewa dattawan unguwa sun sauya sheƙa. Na rantse masa har na gaji. Ya ce shi ba sauya sheƙar ce ta dame shi ba, rabon da aka yi ban tuna da shi ba ne.

Takardar koken ba ta kai jirgi ba. Hedimasta ya aiki jikansa sayen ƙosai, aka naɗo masa a shafi na biyu.

Ranar 25 ga Fabrairu aka yi zaɓe. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a ƙasar, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Layinmu ya fito kwansa da kwarkwatarsa, 'yan fansho ba sa wasa da layi. Taransifoma dai karo-karo muka yi, gida-gida, aka gyara ta kafin azumi ya yi nisa. Hedimasta ya sake kai takardar shagon ƙanena, ya sa aka goge wannan sakin layin, aka dawo da kwata da burtsatse shafin farko, gaisuwa ta koma ƙarshe. Wajen sunan mai girma kuwa ya ce a bar shi fili, zai cike da biro a 2027.